Butar Gahawa don Hancin Yaya

Ni mai gyaran firji ne, shekara goma sha takwas ke nan. Da kun tambaye ni abin da na sani game da gahawa kafin bana, da na ce muku baƙa ce, ɗaci gare ta, masu shanta kuma mutane ne da suka yi faɗa da barci. Ni ɗan shayi ne, madara ta ji, sukari cokali uku. Amma ga ni ranar wata Asabar tsaye a shagon gahawa, faratana duk baƙin mai, ina neman abin dafa ta. Saboda Yaya ne.

Yaya ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma gida ɗaya muke, ita a ɗakin da rana ke fara shiga, ni a na kusa da matakala. Kada ku tambaye ni batun aure, ita ma ta gaji da tambaya. A gidan burodi take aiki, ita ce mai kula da tanderu. Shekara ashirin ba ta taɓa duba agogo don ta san burodi ya gasu ba. Tana can wajen kwaɓi, ko tana tsakiyar hira, sai ta ɗaga kai ta ce a fitar. A fitar kuwa, a same shi daidai, ba fari ba ƙuna.

Sai ta yi wani zazzaɓi mai haɗe da mura, kwana tara tana kwance. Ta tashi, ƙarfi ya dawo, cin abinci ya dawo, har masifarta ta dawo, amma ban da hanci. Ranar da ta koma aiki tana tsaye dab da tanderu faranti huɗu suka ƙone, sai da ta ga hayaƙi da idonta ta sani. Ta gwada aiki da agogo. To tanderun tsoho ne, yana da halinsa, yau ya yi zafi gobe ya yi nawa, agogo bai san da wannan ba. Maigidan burodin mutumin kirki ne, bai kore ta ba, ya mayar da ita teburin zuba burodi a leda. Wata uku tana can tana ɗaure bakin leda. Sannan ya kira ta, yana ta sosa ƙeya, ya ce riƙon ƙwaryar ya isa haka. Idan ƙarshen wata ya yi hancin bai dawo ba, zai ba wani tanderun dindindin.

Likita ya ce babu ƙwaya, babu allura. Ya ce sai dai a koya wa hancin aiki daga farko, ta riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, kanumfari, ɓawon lemo, gahawa. Ya kuma faɗi wata magana da ta tsaya wa Yaya a rai. Wai wasu idan ya dawo musu a karkace yake dawowa, su shinshina abu mai ƙamshi su ji wari. Na wani ya warware, na wani ya zauna haka shekara da shekaru.

“Gara babu da karkatacce,” in ji Yaya muna saukowa daga matakalar asibitin. “Mara ji aƙalla ya san ba ya ji.”

A watannin nan ta koyi barcin rana, abin da ba ta taɓa yi ba. In ta dawo aiki sai ta miƙe a doguwar kujera, labule na motsi a kanta, ta tafi. Da na yi magana sai ta ce, “Bar ni, Auta. A can ina ji.” Ta ce wani gida take shiga mai ɗakuna da yawa, babu kowa, babu kaya, duk ƙofar da ta tura akwai ƙamshi ɗaya zaune a ciki yana jiranta. Ɗaki ɗaya jiƙaƙƙen siminti, ɗaya fensir da aka feƙe yanzu, ɗaya dutsen guga a kan tufa mai laima. Idan ta farka sai ta riƙe numfashi ko za ta fito da ɗaya, amma da ta buɗe ido shi ke nan. Wallahi tausayinta ya riƙa hana ni cin abinci, ni da ba na wasa da cikina.

Kanumfari muna da shi, lemo muna da shi. Gahawar ce ta kai ni shagon nan.

Shagon ƙarami ne, dogo, da wani injin suyar gahawa a can ƙurya yana juyawa a hankali. Mai shagon tsoho ne, tabarau a ƙarshen hanci, gashin hannunsa duk ƙaiƙayin gahawa.

“Baba, abin dafa gahawa nake so.”

“Mutum nawa ke sha a gidan?”

“Babu mai sha.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sai na zayyana masa komai, zazzaɓin, faranti huɗun, ƙarshen wata. Na ce ni ba ruwana da daɗinta a baki, wanda ya fi cika ɗaki da ƙamshi nake nema.

“Shekara talatin ina sayar da kayan nan,” ya ce, “ba a taɓa zuwar mini da wannan ba. Zo mu gani.”

Idona tuni yana kan wani inji mai walƙiya, mai fitila shuɗiya, irin wanda ake jefa masa ɗan ƙoƙo rufaffe a danna maɓalli. Har na juya shi ina duba bayansa, na ga sukurori huɗu ne kacal.

“Ajiye,” in ji Baba. “Wannan a ɓoye yake komai nasa. Kafin yayarka ta ja numfashi ya gama.”

Ya nuna mini mai takardar tacewa, wanda ruwa ke ɗiga a hankali, ya ce ƙamshinsa mai kunya ne, sai an bi shi. Ya nuna mini na gilashi mai abin dannawa, ya ce wannan murfinsa rowa gare shi. Daga nan ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wata ’yar butar ƙarfe mai tsukakken ƙugu, ya murɗe ta ta rabu biyu. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, in ta ji wuta gahawar ta hau sama da kanta.

“Ba waya, ba maɓalli, ba abin da za ka kwance a jikinta, na ga hannunka yana ƙaiƙayi,” ya ce. “Amma in ta fara gunaguni a kan wuta, har maƙwabta sai sun san an ɗora ta. Ka bar murfin a buɗe, yayarka ta zauna kusa.”

Na ce a ba ni ita. Ya so ya haɗa ni da ƙwayar gahawa da ɗan injin niƙa na hannu, wai in riƙa niƙa ta cokali biyu kowace safiya. Na ce haba Baba, wa ke da wannan lokacin, a niƙe mini rabin kilo gaba ɗaya. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya niƙa, ya zuba a jakar takarda.

“To, maganar ajiya,” ya fara.

Nan ne na ɗaga masa hannu. Ina tuna yadda na ɗaga shi, har da murmushi. “Baba, gahawa taka ce, ban ja ba. Amma ajiya? Ni fa ajiya ce sana’ata. Abin da ya shiga hannuna ba ya lalacewa.”

Ya buɗe baki, sai wata mata ta shigo tana sauri, ya juya gare ta. Na ɗauki kayana na fito ina jin kaina.

Firjin gidanmu ni na haɗa shi daga matattun firji uku, ƙofar wani, injin wani, gangar jikin wani, kuma ban taɓa ganin mai sanyinsa ba. Na naɗe bakin jakar takardar, na maƙale da abin shanya, na matsar da kwanuka na samar mata wuri a tsakiya. Duk abin da nake ƙauna can nake sa shi.

Haka muka fara. Kowace safiya kafin ta tafi aiki in fito da jakar, tana zufar sanyi, in cika tsakiyar butar, in ɗora a ƙaramar wuta. Yaya ta jawo kujera ta zauna, hannuwanta a cinya, ido a rufe. Da farko shiru. Sai butar ta fara wani numfashi can ƙasa, sai baƙin ruwan ya ɓullo ta bakin bututun yana gangarowa a hankali. Tururin ya tashi ya shiga hasken taga, ya yi ta lanƙwasa yana warwarewa a gaban fuskarta, wani ya bi ta gashin girarta ya zauna. A lokacin nan kicin ɗin yakan yi mini kamar ba a cikin gari yake ba. Ba na jin motoci, ba na jin rediyon maƙwabta. Mu biyu ne kawai da buta, muna jiran wani baƙo da bai faɗi ranar zuwansa ba.

Sai butar ta yi gunaguninta na ƙarshe, Yaya ta buɗe ido.

“Babu.”

Ta ɗauki jaka ta tafi ɗaure leda.

Zubar da gahawar ya riƙa yi mini ciwo, sai na fara shanyewa. In tuttula madara, in zuba sukari, in rufe ido in kurɓe. Ɗanɗanonta wani iri, amma na ɗauka haka Allah ya yi ta. Abin da ta yi mini shi ne ta ɗauke gyangyaɗin da nake yi bayan azahar a shago. Sai in zauna ido biyu a tsakiyar firji goma sha biyu, kowanne da irin kukansa, ina sauraronsu. Akwai wani tsoho kore mai nishi kamar ya hau matakala, akwai wani ƙarami da ke rawar sanyi duk minti bakwai. Har na fara ba su labarin Yaya. In na buɗe ƙofar ɗaya hasken cikinsa ya faɗo a ƙasa, sai in tuna gidan nan nata mai ɗakuna, in ce ko ɗaya daga cikinsu nan ne. Maƙwabcina mai faci ya leƙo sau biyu yana tambaya da wa nake magana.

Kwana goma, babu. Sha biyar, babu. Yaya ta daina ba ni labarin mafarki. Ta fara cewa ai ɗaure leda ma aiki ne, ana zaune ake yi, ƙafa ta huta. Ta faɗa sau uku a rana ɗaya, na san ƙarya take.

A kwana na sha tara, saura kwana biyu wata ya ƙare, butar tana tsakiyar hawa sai na ga hancin Yaya ya motsa. Ɗan motsi ne, amma na gani. Ta matso. Ta ja numfashi a hankali, ta sake ja.

“Auta.”

“Na’am, Yaya.”

“Akwai wani abu.”

Cokalin hannuna ya faɗi ban ɗauka ba. Ta sunkuya har tururin ya rufe mata fuska, tana ja tana ja, sai na ga murnar tana zagwanyewa daga fuskarta. Ta koma baya ta jingina.

“Albasa,” ta ce. “Albasa nake ji. Da ƙarnin kifi.”

“Sake dai ji, Yaya.”

“Na ji, Auta. Gahawa ce a gabana ina jin kifi.” Ta yi wata ’yar dariya mara daɗi, hawaye na zuba. “Ya dawo a karkace. Abin da na roƙa kada ya faru.”

Na dangwala hancina a butar, na shinshina iya ƙarfina. Ni dai gahawa na ji, irin wadda na saba ji kullum. Na faɗa mata haka, don ban iya yi mata ƙarya ba, kuma wallahi da na san abin da maganar za ta yi mata da na haɗiye ta. Ta tashi ta wanke fuska, ta ɗaura ɗankwali. Ta ce ba sai an jira jibi ba, yau za ta je ta ce wa maigida ya ba da tanderun, minti biyar ya ishe ta, sannan ta dawo gida ta kwanta. Ledar ma ba ta jin za ta iya yau.

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci sai na samo mai laifi. Na fizgo jakar gahawar na ce muje, shagon tsohon nan a kan hanya yake, sai ya gaya mini abin da ya sayar mini. Yaya ba ta da ƙarfin hana ni. Muka tafi, ita a gaba ni a baya.

Baba yana share bakin shago. Na dire masa jakar a kan kanta.

“Ga kayanka. Kwana goma sha tara, ba abin da ta tsinana sai ɓata wa baiwar Allah hanci.”

Ya gaida Yaya, ya ba ta kujera, sannan ya cire abin shanyar ya buɗe jakar. Ko kusa da fuska bai kai ta ba ya kau da kai.

“Subhanallahi! Wa ya yi wa gahawata miya?”

“Kamar yaya?”

“Albasa ce fal a ciki. Da kifi.” Ya murza garin da yatsa, ya dunƙule. “Ga laima. Kai, ina ka ajiye ta?”

Na ce a firji mana, ina kuma ake ajiye abu mai daraja.

Ya cire tabarau ya ajiye, ya dube ni kamar wanda ya zo da akuya asibitin mutane. “A firji. A jakar takarda. Niƙaƙƙiya. Malam mai ajiya, garin gahawa duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya kwashe warinsa. Mutane har zuba shi suke a faranti su sa a firji don ya tsotse musu wari. Kai kuma ka yi kwana goma sha tara kana share firjinka da ita kana dafa wa yayarka.”

“Amma ni ban ji komai ba!”

“Ina za ka ji? Kanka a cikin firjin mutane yake tun safe har yamma. Hancinka ya daɗe da daina lissafa wannan a wari.”

Na juya wajen Yaya. Tana zaune ƙiƙam, hannunta ɗaya a kan ƙirji, tana kallon jakar.

“Baba,” ta ce, muryarta ƙasa, “kana nufin akwai su a ciki? Da gaske?”

Tsohon nan yana da hankali. Ya tura mata jakar. “Akwai na uku, ban faɗa ba. ’Yata, gaya mini mene ne.”

Ta ɗauka da hannu biyu. Ta rufe ido. Injin suya yana ta juyawa a ƙurya, wata mota ta wuce. Ta daɗe, har na fara cewa a raina a bar ta haka, kada a ƙara mata wani ciwon.

“Kankana,” ta ce. “Wadda aka yanka ta kwana biyu.”

Baba ya buga kanta da tafin hannu. Ni na san kankanar nan. Ni na saye ta, na sha rabi, na tura sauran bayan kwanon miya na manta da ita.

Yaya ta sa fuskarta cikin jakar ruɓaɓɓiyar gahawar nan tana kuka tana dariya, tana cewa albasa, kifi, kankana, kamar sunayen ’ya’yanta take kira. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba, ƙato da ni, a shagon mutane da safe.

Baba ya bar mu muka gama. Sannan ya ɗebo ƙwayar da ya soya shekaranjiya, ya zuba a injin hannu, ya murza sau goma, ya buɗe ɗan aljihun injin ya miƙa mata. Ta shinshina. Ta ce tana ji, amma daga nesa, kamar ana dafawa a gidan da ke bayan namu. Ya ce yau daga nesa, gobe daga tsakar gida, kada ta yi gaggawa. Ya juyo kaina ya ce yanzu zan saurara ko har yanzu ni ne malamin. Na ce ina ji. Ƙwaya zan saya, ba gari ba, kaɗan, ta mako biyu. Gwangwani mai murfin roba wanda iska ba ta shiga. Cikin kabad, nesa da murhu, nesa da taga. A niƙa ta sa’ad da za a dafa. Ya sa na maimaita masa sau biyu a gaban Yaya, ita kuwa har da gyaɗa kai, wai a ƙara masa na uku, Baba, kansa da tauri tun yana yaro.

Daga shagon zuwa gidan burodi tafiyar minti bakwai ce, mun yi ta a ashirin. Yaya tana tafe tana tsayawa. A gaban mai wanki ta ce sabulu. A bakin gareji ta ce fetur, ta yamutsa fuska, ta kuma koma ta sake ji. Wajen mai sayar da furanni ta tsaya ta daɗe, ta girgiza kai, ta ce wannan bai iso ba tukuna. Ba ta damu ba, ta wuce. Ina biye da ita rungume da gwangwani da injin niƙa, ina kallon bayanta, gari duk ya yi wani haske kamar an wanke shi.

A ƙofar gidan burodin ta tsaya. Na ce zan jira ta a nan, tunda minti biyar ta ce.

Ba ta dube ni ba. Kanta a ɗage yake, tana shinshinar wani abu da ke fitowa ta ƙofar, wanda ni ban ji ba.

“Tafi shagonka, Auta,” ta ce. “Ba yanzu zan fito ba.”

Ban tafi ba. Na tsaya ta gilashin ina kallo, ta rataye jakarta a ƙusa, ta naɗe hannun riga. Matan teburin leda suka matsa mata wurin zamanta, ta dafa kafaɗar ɗaya ta wuce ciki wajen tanderu.